Babule na Kurfai da Dokokin Sihiri a Wasan Kan Tebur

Gabatarwa

Duk al'ummar da ta iya tatsuniya ta san cewa ƙarfin ɓoye ba ya tafiya sai da sharaɗi. A tatsuniyarmu Gizo ya tashi sama, amma da aron gashin hankaki, kuma ranar da kwaɗayinsa ya yi yawa masu abu suka karɓe abinsu. Da a ce Gizo yana tashi duk lokacin da ya ga dama, da tatsuniyar ba ta yi armashi ba, da kuma yara ba su koyi kome daga cikinta ba. Wannan tambaya ta sharaɗi, wato daga ina ƙarfi yake fitowa, wa aka yarda ya riƙe shi, kuma me zai biya, ita ce ta daɗe tana haddasa muhawara tsakanin masu wani irin wasa da ya samo asali daga Amurka. Ita ce kuma, ta wata fuska mai nauyin gaske, ta girgiza ƙasar Filinge a shekarar 1925. Wannan maƙala za ta ɗora abubuwan biyu a kan faifai ɗaya, domin malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu da ke neman hanyar kai tarihi ga matasa su ga abin da za a iya ɗauka, da abin da ya kamata a kiyaye.

Yadda aka yi wa sihiri doka a wasa

Wasan da ake magana a kansa tatsuniya ce da mutane huɗu ko biyar suke ƙirƙira tare, suna zaune kewaye da tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora: shi yake siffanta gari da daji da abokan gaba. Sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, ya yi magana da bakinsa, ya zaɓar masa abin da zai yi. Idan jarumi ya nufi wani abu mai wuya, sai a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta wasan ludo, wadda wani lokaci fuskokinta kan kai 20, lambar da ta fito ita ke raba gardama. Na farkon irin wannan wasa da aka buga aka sayar shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a shekarar 1974.

Da yake duniyar wasan cike take da dodanni da matsafa, dole ta sa aka yi wa sihiri ƙa'ida, in ba haka ba mai sihiri zai cinye kowane wasa tun kafin a fara. Ƙa'idar da suka ɗauka ta fito ne daga littafin Jack Vance mai suna The Dying Earth na 1950. Mai sihiri yana da kundi. Kowace safiya sai ya buɗe shi ya haddace adadin kalmomin da matsayinsa ya ba shi dama, kuma da zarar ya furta ɗaya, ta goge daga kansa ke nan sai gobe. Sabon shiga kalma ɗaya tak yake da ita a yini.

Ba a jima ba masu wasa suka fara ƙorafi, wasu kuma suka fito da nasu tsarin. A Tunnels & Trolls na 1975, sihiri yana cin ƙarfin jikin mai yin sa, yana yi yana galabaita. A RuneQuest na 1978, kusan kowane jarumi yana da ɗan abin da ya iya, babban ƙarfi kuwa sai wanda ya shiga wata ƙungiyar bauta ya ɗauki nauyinta. A Ars Magica na 1987, an mai da sihiri tamkar nahawu: aikatau 5 da sunaye 10 na Latin, mai wasa ya haɗa su ya gina abin da yake so. A 2006 kuma, littafin Tome of Magic ya kawo jarumin da ke ƙulla alkawari da wani ruhu, ruhun ya zauna a jikinsa na yini guda, ya ba shi ƙarfi, amma ya bar masa alama a jiki ya kuma juya masa hali. Masu wasa sun gane da gwaji cewa in aka sauya dokar sihiri, sai an sauya duniyar labarin gaba ɗaya: wanda ake girmamawa ya sauya, wanda ake tsoro ya sauya, har abin da ake faɗa a kansa ya sauya.

Hanyoyi biyu a Dallol Boso

Mutanen ƙasar Filinge ba su buƙaci littafin wasa kafin su san wannan ba. Filinge tana cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, kuma ita ce cibiyar Kurfai, ƙasar Kurfayawa masu magana da Hausa. Kudu da ita akwai Imanan ta Buzaye da ke da mazauni a Bonkuku, da Tondikandiya ta Zabarmawa da ke da mazauni a Damana. Wuri ne da harsuna uku suke cin kasuwa ɗaya, aure da fatauci da yaƙi suka cakuɗa jama'a, har abin da aka yi imani da shi game da gaibu ya riƙa ƙetare iyaka kamar yadda gero da gishiri suke ƙetarewa.

Kafin zuwan Faransawa, mai neman taimako a kan ciwo ko fari ko tsoron maƙiyi yana da ƙofofi biyu da zai ƙwanƙwasa. Ta farko ita ce ta malami, wanda ƙarfinsa yake cikin karatu: allo da tawada, laya, rubutun sha, da hatimi mai gidajen lambobi. Wannan ilimi yana da tsohon tarihi a ƙasar Hausa. Muhammadu al-Kashnawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafin irin waɗannan gidajen lambobi. Ƙofar malami tana buƙatar shekaru na almajirci, da izini daga wanda ya riga ka, kuma galibi maza ne ke shiga ta. Mai karatu zai ga kamanninta da mai kundin nan na wasan 1974.

Ƙofa ta biyu ita ce ta iskoki, wadda Hausawa ke kira bori, Zabarmawa kuma holey. A nan ba a haddace kome. Iska ce take zaɓar mutum, yawanci ta hanyar wata cuta da ta ƙi jin magani, sai a yi masa girka, ya zama dokinta, ko goɗiyarta in mace ce. Kowace iska tana da kiɗanta na goge ko garaya da ƙwarya, da kirarinta, da tufafinta, da launin dabbar da ake yanka mata. Doguwa ba ta shiga rigar Ɗangaladima, kuma Dongo, mai tsawa a wurin Zabarmawa, ba ya amsa kiɗan wani. Akwai kuma masu kula da ƙa'ida: sarkin bori da magajiya a wurin Hausawa, zima a wurin Zabarmawa. Malaman Musulunci sun yi hani da wannan hanya tun kafin jihadin 1804, kuma suna yi har yau, amma mai nazarin tarihi dole ya san yadda take, domin ta kasance cikin rayuwar jama'a.

Abin lura shi ne iskokin bori hoton al'umma ne. Akwai sarki a cikinsu, da ɗan sarki, da malami, da mahauci, da Bafillatana, da Buzu. Duk wanda yake da ƙarfi ko wani matsayi a duniyar mutane yana da takwara a duniyar iskoki. Saboda haka ranar da wani sabon mai ƙarfi ya sauka a ƙasa, tsarin ya zama da giɓi.

Shekarar 1925

Sabon mai ƙarfin shi ne Bafaranshe. Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922. Talaka ya san mulkin ta hanyar lanho, da aikin tilas, da ɗibar samari zuwa soja, da hukuncin da kumandan ke iya yankewa ba tare da shari'a ba. A Kurfai akwai ƙarin wani ciwo. Kurfayawa ba su saba da sarki guda mai iko a kan dukan garuruwansu ba, amma Faransawa suka ɗora Gado Namalaya a kan kanton baki ɗaya, ya zama ta hannunsa ake karɓar haraji da ma'aikata.

A cikin wannan hali ne, a garin Shikal kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo ta hau wata iska da babu makaɗin da ya san kiɗanta. Iskar ta ce daga Maliya ta fito, wato Bahar Maliya, kuma gwamna ce. Nan da nan wasu suka biyo baya, samari da ƴan mata suna faɗuwa suna tashi da sababbin sunaye: janar, kyaftin, kofur, likita. Suna tafiyar soja, suna sara wa juna, suna saɓa bindigogin itace, suna ba da umarni da wani gurɓataccen Faransanci. Bakinsu yana kumfa, suna riƙe wuta a jikinsu don nuna cewa ba mutum ne a wurin ba. Hausawa suka kira su Babule, sunan Hauka kuma, wanda shi ma kalmar Hausa ce, ya fi bazuwa a tsakanin Zabarmawa da littattafan Turawa.

Sarkin kanto bai ɗauki abin da wasa ba, haka ma kumandan na Yamai, Horace Crocicchia, wanda daga baya ya yi gwamna a Kodebuwa da Gini. An kama Shibo da kimanin mutum 60, aka kai su Yamai, aka tsare su, aka wulaƙanta su don su ƙaryata iskokinsu. Sakamakon bai zo yadda kumandan ya so ba. Shi kansa sai ya zama iska: Kumandan Mugu, wanda ake kuma kira Korsasi ko Krosisiya, ɗaya daga cikin mafiya zafin Babule. Mutumin da ya tashi rushe tsarin sai ga shi tsarin ya haɗiye shi, ya ba shi kiɗa da kirari.

Al'amarin bai tsaya a filin rawa ba. Mabiya Shibo sun ƙi biyan haraji, sun ƙi aikin tilas, wasu sun fita daji sun kafa nasu matsuguni. Da aka zo batun wanda zai gaji sarautar Kurfai a wajen 1927, suka ƙi wanda hukuma take so. Faransawa suka sake kamu, suka kore shugabannin daga ƙasar. Masanin tarihi Finn Fuglestad, a nazarin da ya buga a 1975, ya ɗauki lamarin a matsayin tawaye ga sarakunan da aka ƙaƙaba wa jama'a da kuma waɗanda suka ƙaƙaba su.

Abin da sabon tsarin ya sauya

In aka auna Babule da tambayoyin nan uku da muka fara da su, za a ga dalilin da ya sa manya suka tsorata. Ta fuskar tushen ƙarfi, tsofaffin iskoki na ƙasa ne, suna da duwatsu da itatuwa da tafkuna da aka san su da su, kuma gidajen da suka gaji bauta musu suna da fifiko. Babule kuwa baƙi ne daga gabas mai nisa, babu gidan da zai ce gadonsa ne. Shugabansu ma, Istambula, an ce Musulmi ne mai ibada da ke zaune a birnin Santambul. Ta fuskar wanda aka yarda ya shiga, ƙofar ta buɗe ga waɗanda tsohon tsari ya bari a baya: matasa, da mata, da marasa gata, da waɗanda suka ɗanɗani bariki suka dawo. Ta fuskar abin biya kuma, dokin Babule yana biya da jikinsa da mutuncinsa, domin iskarsa tana sa shi taka abin da kowa yake ƙyama, a zamanin Shibo kuma yana iya biya da kurkuku.

Ba kumandan kaɗai ya ƙi su ba. Shugabannin tsohon bori da holey su ma sun dube su a matsayin masu ɓata ƙa'ida. Sai a hankali aka nema musu gurbi. A wurin Zabarmawa aka sa su ƙarƙashin Dongo, suka zama kamar dakarun da ke tsaron fili idan manyan iskoki sun sauka. A ƙasar Hausa suka bazu zuwa Arewa da Adar, har suka kai Kano, inda aka lissafa su cikin iskokin Turawa. Abin da ya fara a matsayin kishiyar tsari ya ƙare a matsayin sabon ɗaki a cikin tsohon gida, amma gidan bai koma yadda yake da ba.

Daga Filinge zuwa Akara

Ƴan ci-rani ne suka fitar da Babule daga Nijar. Haraji da yunwa, musamman babbar yunwar 1931 da ta addabi yammacin ƙasar, sun tura dubban samari zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda suka yi dako da aikin ma'adinai da ƙananan sana'o'i a Kumasi da Akara. A can iskokin suka ƙaru, suka ɗauki kamannin mulkin Ingilishi, har jirgin ƙasa da direban mota suka samu nasu.

A wajen Akara ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a 1954. A ciki an ga an fasa ƙwai a kan gunkin gwamna don kwaikwayon farin gashin da ke kan hularsa, an kuma ga an yanka kare an ci. Da aka fara nuna shi a Faris, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin kuma suka ji an ci musu fuska. Hukumar Ingilishi ta hana nuna shi a Gwalkwas, amma ya ci kyauta a bikin fina-finai na Benis a 1957. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai. Har yau masana ba su daina saɓani a kan ma'anar abin da ya ɗauka ba: wasu sun ce ba'a ce ake yi wa mai mulki, wasu sun ce magani ne na zuciyar wanda aka danne, wasu kuma sun ce neman mallakar ƙarfin Bature ne domin a yi amfani da shi wajen warkarwa da kariya. Paul Stoller, a littafinsa na 1995, ya bi sawun Hauka har cikin siyasar bayan mulkin kai, ya tattauna yadda jama'a suka riƙa danganta salon mulkin Janar Seyni Kunce da su. Kunce ɗan Fandu ne a Tondikandiya, ya kuma mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987.

Ga mai son shirya wasa

Marubutan ƙetare sun riga sun gwada kafa irin wannan wasa a kan al'adun Afirka. Akwai Nyambe na 2002, akwai Spears of the Dawn na 2013. Babu abin da zai hana ƙungiyar al'adu a Filinge ko Damana ko Maraɗi ta shirya nata da Hausa ko Zabarmanci, tunda kayan aikin ba su wuce takarda da fensir da ƙwayar jifa ba, kuma al'ummar da ta gaji tatsuniya da tashe da dara ba baƙuwar irin wannan zama ba ce. Tarihin Kurfai yana ba mai wannan niyya darussa da ba zai samu a littafin Amurka ba.

Na farko, kada a ɗauko mai kundi na 1974 a sa masa rawani a ce an yi na gida. In ana son tsari dabam, a gina shi a kan dangantaka. Alal misali, jarumi ba ya tara kalmomi, sai dai ya ƙulla amana da wani halitta na tatsuniya, wanda yake da abin da yake so da abin da ya hana. Duk lokacin da jarumin ya nemi taimako, bashi ya hau kansa, kuma jagora yana rubutawa. In bashin ya yi yawa, ko aka karya hani, ƙarfin ya juya masa baya kamar yadda hankaki suka juya wa Gizo.

Na biyu, kada ƙarfin ya zama na mutum ɗaya. Dokin bori ba ya hawa sai da makaɗi, da mai kula da shi, da jama'ar da za ta shaida. A wasa, wannan yana nufin babu jarumin da zai yi abin mamaki sai ƴan uwansa sun ba da nasu, abin da zai koya wa ɗalibai haɗin kai fiye da kowace nasiha.

Na uku, a bar tsare-tsare biyu ko uku su zauna a duniya guda, kowanne da masu cin moriyarsa da masu tsoronsa. Malamin tarihi zai iya raba aji: wannan sarkin kanto ne da ake nema ya kawo haraji, wannan dattijo ne mai tsaron tsohuwar ƙa'ida, wannan saurayi ne da aka rubuta sunansa a aikin tilas, wannan tafinta ne. Sai a tambaye su abin da kowa zai yi ranar da labarin Shikal ya iso. Ɗalibin da ya zauna a kujerar sarkin kanto na awa guda zai fahimci mulkin mallaka fiye da wanda ya haddace shekaru.

Na huɗu shi ne iyaka. Iskokin da aka ambata a nan suna da masu imani da su har yanzu, akwai kuma iyaye masu yawa da addininsu ya sa ba za su yarda ƴaƴansu su kira sunayensu ko su kwaikwayi hawansu ba. Dukan ɓangarorin suna da hakkin a girmama su. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ƙirƙiri halittun wasa da sunayen da ba na kowa ba, a bar kiɗa da kirarin gaske a wajen aji, a kuma gaya wa yara a fili inda tarihi ya tsaya da inda ƙage ya fara. Abin da ya faru da fim ɗin Rouch ya isa gargaɗi: hoton da aka ɗauke daga mahallinsa yana iya zama abin kunya ga masu shi.

Kammalawa

Masu wasa a Amurka da Turai suna sauya dokar sihiri domin labari ya ƙara daɗi, kuma in sabon tsarin bai yi ba sai su rufe littafi su koma tsohon. Mutanen Shikal ba su da wannan zaɓi. Sun sami kansu a ƙarƙashin wani iko da tsofaffin sunaye ba su iya kira ba, sai suka ba shi suna, suka sa shi a jikinsu, suka kuma sha ɗauri da kora a kan haka. An soke aikin tilas a 1946, Nijar ta sami mulkin kai a 1960, amma Kumandan Mugu ya ci gaba da sauka a filayen rawa shekaru masu yawa bayan tafiyar wanda aka samo sunansa daga gare shi. Jikokin waɗanda suka ga 1925 suna nan a Kurfai da Tondikandiya, kuma abin da suka ji daga bakin kakanninsu bai gama shiga takarda ba. Ƙungiyar da take son shirya wasa a kan wannan tarihi, aikinta na farko shi ne ta je ta zauna gaban waɗannan dattawa da abin naɗar magana, tun suna da rai.